Yadda Za Ka Tsara Zamanka a Gari da Zuwa Tasha Kafin Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido Ya Tashi

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini ta fuskoki daban-daban: na biya kuɗin jirgin ruwa, to yaushe ya kamata in isa garin, a ina zan kwana, kuma yaya zan kai kaina da kayana bakin tasha? Masu tambayar suna da gaskiya, domin kamfanin jirgin yana ɗaukar nauyinka ne daga lokacin da ka miƙa masa akwatinka. Duk abin da ya gabaci haka a wuyanka yake, kuma a nan aka fi tafka asara. Jirgin da ya ɗauko fasinja dubu huɗu ko biyar ba zai tsaya jiran mutum ɗaya ba, kuma wanda ya makara ba a mayar masa da kuɗinsa. Saboda haka duk tsarin da ke ƙasa a kan abu guda na gina shi: ka fara da sa'ar da ake rufe ƙofar jirgi, ka riƙa lissafi kana komawa baya har zuwa ranar da za ka bar gida.

1. Gano ainihin inda jirgin yake tsayawa

Sunan garin da ke jikin talla sau da yawa ba shi ne inda jirgin yake ba. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi yake haifar da sauran.

Idan an ce jirgi zai tashi daga birnin Rum, to Civitavecchia ake nufi, wani gari ne da ke kimanin kilomita 80 daga tsakiyar birnin. Idan an ce Landan, galibi Southampton ce, kimanin kilomita 130, wani lokaci kuma Dover. Orlando ta Amurka ba ta bakin teku ma sam, tasharta ita ce Port Canaveral, kimanin kilomita 70 daga filin jirgin sama. Venice ta fi kowa rikitarwa: tun watan Agusta na 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, don haka wasu suna tsayawa a Marghera da ke kusa, wasu kuwa a Ravenna ko Trieste, waɗanda kowannensu ya haura kilomita 140. Mutum sai ya kama otal a Venice yana ganin tafiyar minti goma ce, ashe tafiyar awa biyu ce ke gabansa.

Buɗe takardar shaidar biyan kuɗin da kamfanin ya aiko maka, ka nemi abubuwa uku: sunan tashar, sunan ko lambar matsayar da jirgin zai jingina, da adireshinta. Tasha ɗaya tana iya ƙunsar matsaya da yawa. Southampton tana da biyar, kuma akwai tazara a tsakaninsu. Dubai tana da Mina Rashid, tana kuma da Dubai Harbour, wurare biyu ne da ba su kusa da juna.

Gargaɗi: tashar Miami da ta Fort Lauderdale daban-daban ne, kimanin kilomita 45 ne tsakaninsu, kuma kamfani ɗaya yana iya samun jirage a duka biyun a rana ɗaya. Sannan hukumar tasha takan sauya matsaya a ƙurarren lokaci, don haka ka sake dubawa kwana biyu kafin tafiya.

2. Rubuta lokacin rufe ƙofa

Lokacin tashin jirgi daban, lokacin rufe karɓar fasinja daban. Yawancin kamfanoni suna rufewa awa ɗaya zuwa awa biyu kafin tashi, saboda dole su miƙa wa hukumomi jerin sunayen duk wanda ke ciki. Idan jirgi zai tashi ƙarfe 5 na yamma, ka ɗauka cewa ƙarfe 3 ko 3:30 an gama. Wannan lokacin za ka rubuta, ka manta da ƙarfe 5.

Daga nan ka cire awa biyu aƙalla na ko-ta-kwana. Sai ka cire tsawon tafiya daga otal. Abin da ya rage shi ne lokacin da ya zama dole ka fita daga otal.

Makonni kaɗan kafin tafiya kamfani yakan buɗe rajista ta intanet ko ta manhajarsa, inda za ka saka bayanan fasfo, hoto, da katin banki, ka kuma zaɓi sa'ar da za ka iso tasha. Yi shi ranar da aka buɗe, domin sa'o'in farko su ake fara kwashewa.

3. Gyara takardu kafin ka biya komai

Kada ka sayi tikitin jirgin sama ko ka biya otal da ba a mayar da kuɗinsa kafin ka tabbatar da wannan mataki.

Kamfanoni da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar da tafiyar za ta ƙare. Game da biza, ka jera duk ƙasashen da jirgin zai yada zango, ka duba dokar kowace ɗaya bisa fasfon da kake riƙe da shi. Wasu ƙasashen suna buƙatar biza ko da ba ka da niyyar sauka daga jirgin, kuma ma'aikatan tasha za su iya hana ka hawa tun ranar farko idan babu ita.

Wurin da na fi ganin mutane suna faɗawa shi ne yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Ka ce jirgi ya tashi daga Barcelona, ya biya Tunisiya ko Maroko, ya dawo Italiya. Ko ya tashi daga Girka, ya taɓa Turkiyya, ya komo. Da zarar ya je can ka fita daga yankin, dawowarka shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya ya shiga matsala ke nan. Nemi ta shiga sau da yawa, ka haɗa jadawalin jirgin a cikin takardun neman. Ka kuma lissafa kwanakin da za ka yi a gari kafin hawa da bayan sauka, domin su ma suna cikin adadin da aka ba ka. Bizar Schengen tana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000.

Tun da an zo kan inshora: duba ko ta haɗa da rasa jirgi saboda jinkirin jirgin sama, da kuma kwashe mara lafiya daga teku. Ba kowace ce ta haɗa su ba, kuma su biyun ne suka fi cin kuɗi idan abin ya faru. Idan hanyar jirgin ta bi ƙasashen da ke neman katin rigakafin shawara, ka sa shi tare da fasfo.

4. Zaɓi ranar isowa

Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: kada ka sauka a gari ranar da jirgin ruwa zai tashi. Na san abin da ke jan mutane, kuɗin otal na dare ɗaya ne suke son ragewa. Amma ka auna kuɗin daren nan da kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Jinkirin awa huɗu a filin jirgi abu ne da ke faruwa kullum, kuma ya isa ya rushe shirin shekara.

Idan tafiyar gajera ce kuma jirgin sama ɗaya ne kai tsaye, dare ɗaya ya wadatar. Idan akwai canjin jirgi a hanya, ko za ka ƙetare nahiya, ko lokacin hunturu ne da ƙanƙara da hazo ke tsayar da jirage, ka sa dare biyu. Dare na biyun yana da wani amfani da ba a cika tunawa ba: idan akwatinka ya maƙale a filin da ka canja jirgi, yawanci jirgi na gaba ne zai kawo shi, kuma ya fi sauƙi ya same ka a otal da ya bi ka tasha-tasha a teku. Ga kuma bambancin agogo, wanda yake sa mutum ya yi kwana biyun farko cikin magagi.

Gargaɗi: idan za ka canja jirgi, sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya. Da tikiti ɗaya, kamfanin ne zai nema maka wani jirgin idan na farko ya makara. Da tikiti biyu daban, kai za ka sake saya. Idan kuma jirgin ruwan zai tashi daga wani gari ya ƙare a wani, nemi tikitin da ake sauka a gari ɗaya a taso daga wani, maimakon komawa inda ka fara.

5. Kama otal a inda ya dace

Zaɓi uku ne: tsakiyar gari, kusa da tasha, ko kusa da filin jirgi.

Inda tasha take cikin gari ko a gefensa, kamar Barcelona, Lisbon, ko Piraeus da ke manne da Atina, zauna a tsakiyar gari kawai. Inda take da nisa, abin ya danganta da yawan darenka. Mai dare ɗaya da ya sauka da yamma, gara ya wuce garin tashar kai tsaye ya kwana can, ya wayi gari yana hangen jirginsa. Mai dare uku zai iya yin biyu a birni, na ƙarshen a garin tasha, ko da yake ɗaure kaya da kwance su sau biyu yana da gajiya. Idan za ka zauna a birni har safiyar tafiya, kama otal da za ka iya takawa da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasan da za ka hau. A Rum, kusa da Termini ko San Pietro. A Landan, kusa da Waterloo, domin daga nan jiragen Southampton suke tashi, tafiyar kimanin awa ɗaya da minti 20.

Kafin ka biya, tambayi otal abubuwa huɗu: akwai lifta? Za su ajiye kaya kafin lokacin shiga ɗaki da bayan fita? Mota tana iya zuwa har ƙofa? Har zuwa yaushe za a iya fasawa ba tare da asara ba? Tambaya ta uku tana da muhimmanci a tsofaffin unguwannin Turai, inda lunguna ke da duwatsu kuma an hana motoci shiga. A Venice gadoji ne masu matakala, mai manyan akwatuna biyu zai sha wuya.

Yawancin otal suna ba da ɗaki ne daga ƙarfe 2 ko 3 na rana, fita kuma 11 ko 12. Idan jirginka zai sauka da asuba, ka san inda za ka ajiye kaya.

Gargaɗi kan kuɗi: birane irin su Rum, Barcelona da Amsterdam suna karɓar harajin baƙi a kan kowane dare, kuma sau da yawa a otal ake biyansa, ba ya cikin farashin da ka gani. Otal yakan riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina, jirgin ruwan ma zai riƙe nasa. Idan kati ɗaya gare ka, su biyun za su iya cinye abin da kake ganin kana da shi na tsawon kwanaki. Tafi da kati biyu, ka kuma sanar da bankinka cewa za ka yi tafiya.

6. Tsayar da hanyar zuwa tasha

Motar kamfanin jirgin ita ce mafi kwanciyar hankali, amma kuɗinta bisa kowane mutum ne, kuma galibi daga filin jirgi take ɗauka a ranar tashi kawai. Motar haya da aka yi oda tun da wuri, ko tasi, bisa mota ake biya. Lissafin a bayyane yake: mutum ɗaya ko biyu, bas ko jirgin ƙasa ya fi araha. Mutum huɗu da kaya, mota ɗaya takan zo daidai ko ma ta fi sauƙi. Lokacin oda ka faɗi yawan akwatuna, domin motar da ta ɗauki mutum huɗu ba lallai ta ɗauki akwati huɗu ba.

Jirgin ƙasa yana da araha kuma cunkoson titi bai shafe shi ba, sai dai ba ya kai ka gindin jirgin ruwa. A Civitavecchia, bayan ka sauka sai ka ƙara hawa bas zuwa inda motocin tasha suke ɗiban fasinja, sannan wata ta shiga da kai ciki. A Barcelona manyan jirage suna tsayawa a Moll Adossat, sai an haye wata doguwar gada, kuma akwai bas da ke jigila daga kusa da gunkin Columbus. A Atina layi na 3 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa Piraeus tun 2022, yana tasowa daga filin jirgin sama, amma daga tashar zuwa matsayar jiragen yawon buɗe ido akwai sauran tafiya. Wannan guntun na ƙarshe shi ne mutane ke mantawa, kuma yana iya cin minti 30 zuwa 45.

Gargaɗi: jiragen ruwa da yawa ranar Asabar ko Lahadi suke tashi, kuma a ranakun ne ake rage jiragen ƙasa. A Ingila ƙarshen mako ake gyaran layin dogo, a maye gurbin jirgi da bas. A Italiya da Faransa ana yajin aikin sufuri, amma ana sanarwa tun kafin ranar, don haka ka duba mako guda kafin tafiya. Tikitin takarda na jiragen yanki a Italiya sai an buga masa hatimi a na'urar da ke tasha kafin a hau, in ba haka ba akwai tara. Ka kuma duba ko akwai gasar gudu ko wani babban taro da zai sa a rufe tituna a safiyar.

Duk hanyar da ka zaɓa, ka tanadi ta biyu. Idan jirgin ƙasa ne shirinka, ka riƙe lambar kamfanin tasi da kuɗin da zai isa.

7. Kwanakin da za ka yi a gari

Kada ka cika su. Abu ɗaya babba a rana, sauran lokacin ka taka a hankali. Wuraren da ake rububi, irin su Sagrada Família a Barcelona, Colosseum a Rum, ko Acropolis a Atina, ana sayen tikitinsu ta intanet da ƙayyadadden lokaci, kuma a lokacin zafi sukan ƙare da wuri. Kada ka sa irin wannan tikiti a ranar da ka sauka, ko a safiyar hawa jirgi. Doguwar fita zuwa wani gari ma kada ta faɗo a jajibirin tafiya.

Sayi abin da ka manta a nan, domin a cikin jirgi komai ya fi tsada. Idan na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarka ko da na garin, zaɓi na garin, canjin bankinka yakan fi nasu sauƙi. Sauke taswirar garin a waya yadda za ta yi aiki ko babu intanet. A tashoshin jirgin ƙasa kuma ka kula da aljihunka, domin ɓarayi sun san mai jan akwati hankalinsa a rabe yake.

8. Shirya kaya a daren ƙarshe

Buga takardun alamar kaya da kamfanin ya aiko tun kana gida. Amma kada ka liƙa su sai bayan ka sauka daga jirgin sama, daren nan ne lokacinsu.

A tasha 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna, kuma ba lallai su iso ɗakinka ba sai yamma ko dare. Saboda haka a jakar hannu ka sa fasfo, takardar hawa, katunan banki, magunguna a kwalinsu na asali, caja, da kayan sawa na canji ɗaya. Fasfo a cikin akwatin da ya riga ya shige jirgi kuskure ne da ake yi kullum, kuma nemo shi cikin dubban akwatuna yana iya cin sa'o'i.

Cire dutsen guga, butar lantarki, kyandir, da soket mai na'urar kariya daga hauhawar wuta. Yawancin kamfanoni sun hana su saboda gobara. Idan na'urar bincike ta gan su, za a tsare akwatin sai ka je da kanka.

9. Safiyar tafiya

Biya otal tun da dare idan sun yarda. Ka isa tasha a sa'ar da ka zaɓa, domin wanda ya riga lokacinsa da yawa yakan tsaya a waje har a gama sauke fasinjojin tafiyar da ta ƙare. Nuna wa direba sunan jirgin da lambar matsaya a rubuce. Bayan miƙa kaya sai bincike, sai duba takardu, sai katin da zai zama makullin ɗakinka da kuma abin biyan kuɗinka a ciki.

Da ka shiga, yi atisayen ceto, wanda dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta a yi kafin tashi ko da zarar an tashi. Sannan ka kashe layin wayarka kafin jirgi ya bar gaɓa, domin a tsakiyar teku waya takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, mai tsadar gaske.

Idan ka ga alamar za ka makara, kira lambar gaggawa da ke takardunka tun kana hanya. Ba za su jira ba, amma za su gaya maka ko doka ta yarda ka tari jirgin a zango na gaba. Ba kullum take yarda ba, kuma kuɗin zuwa can daga aljihunka ne.

10. Ranar sauka

Jirgi yakan jingina da sassafe, wajen ƙarfe 6 ko 7, amma ba a fara fita sai hukumomi sun ba da izini, kuma rukuni-rukuni ake sauka har wajen ƙarfe 10. A daren ƙarshe ake ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki da alama mai launi, da safe ka same su a zauren tasha. Ka tuna ka bar kayan da za ka sa da safe. Wanda zai iya jan kayansa da kansa yana cikin waɗanda ake fara saki.

Kada ka sayi tikitin jirgin sama da zai tashi kafin ƙarfe 12 na rana. Idan filin yana da nisa, kamar daga Southampton zuwa Heathrow da ke kimanin kilomita 100, ko daga Civitavecchia zuwa Fiumicino, ka matsa zuwa ƙarfe 1 ko 2. Hazo kaɗai yana iya hana jirgi shiga tasha na sa'o'i. Yi odar mota tun kafin tafiya, domin dubban mutane ne za su fito neman tasi a lokaci guda.

Idan jirginka sai dare, ajiye kaya a ma'ajiyar tashar jirgin ƙasa ko ta filin jirgi ka shiga gari, ko ka kama ɗakin yini a otal. Wasu kamfanonin suna sayar da zagayen gari da ke ƙarewa a filin jirgi, kayanka na cikin motar. Duba lokacin da ma'ajiyar take rufewa kafin ka bar kayanka, ka kuma tabbatar bizarka ta kai har wannan ranar.